Mun Tara Miliyan Huɗu Don Yunwar 'Yan Firamare: Mu Dafa, Mu Raba Hatsi, Ko Mu Ba Hedimasta?

"Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta garinmu. Mun buɗe gidauniya, 'yan gari na gida da na birni suka tara naira miliyan huɗu, wasu manoma kuma sun yi alkawarin hatsi idan kaka ta yi. Muna da firamare uku na gwamnati, yara wajen 900. Malamai suna kukan cewa yara da yawa na zuwa ba su karya ba, wasu kuma da an tashi tara ba sa dawowa. Kanmu ya rabu: wasu sun ce a dafa abinci a makarantun, wasu sun ce a raba wa iyaye hatsi, wasu kuma sun ce a ba kowane hedimasta kasonsa ya san yadda zai yi. Wanne ya fi, kuma yaya za mu yi kada kuɗin jama'a ya salwanta?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan gidauniya da alheri. Abin da kuke tambaya shi ne yara nawa kuɗin zai ɗauka, ta wace hanya abincin zai isa cikin yaro, kuma wa zai riƙe me. Na farkon shi ke yanke hukunci kan sauran, kuma shi ne aka fi tsallakewa a taron ƙungiya, domin kowa na ɗokin a ga tukunya a kan wuta.

Ku fara raba kuɗin da yawan kwano

Zangon karatu ɗaya mako 12 ne zuwa 13. Idan aka cire hutun tsakiyar zango da ranakun da ba a cika zama aji ba, ku ɗauka kwana 60 ne. Yara 900 sau kwana 60, kwano 54,000 ke nan. Ku raba miliyan huɗu da 54,000, za ku ga kowane kwano ya tashi a kan naira 74, kuma a cikin wannan 74 ɗin ne za a sayi itace, a biya masu girki, a sayi tukwane da kwanuka. Na zango ɗaya tak.

Naira 70 ce gwamnatin tarayya ta ware wa kowane yaro a rana lokacin da ta fara shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, shi ma ga 'yan aji ɗaya zuwa uku kawai, kuma tun a farashin wancan lokacin masu girki na kukan ba ta isa. Daga baya aka ɗaga ta zuwa 100, sannan a watan Janairun 2024 aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi na NSIPA, hukumar tarayya mai kula da tallafin jama'a. A tsakiyar 2024 ɗin kuwa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Saboda haka maganar dafa cikakken abinci ga yara 900 kullum ku ajiye ta gefe. Za a fara da murna, a mako na huɗu a rage ludayi, a na bakwai a tsaya, iyaye su ce an cinye kuɗin alhali ba wanda ya ci ko sisi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin gidauniyar da ta tsaya a tsakiyar zango da wuya 'yan gari su sake zuba mata kuɗi.

Ku bar lissafi da naira, ku koma lissafi da kilo, tunda naira na sauyawa kilo kuwa yana nan. Cikakken kwano na ɗan firamare, irin wanda hukumomin ciyarwa ke aunawa, bai wuce wannan ba: giram 120 na hatsi ko shinkafa, giram 30 na wake, giram 10 na mai, ɗan gishiri giram uku, sai ganye. Wannan yana ba da kalori kusan 620, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da yaro ɗan shekara shida zuwa sha biyu yake buƙata a yini. Ga yara 200, kullum za a auna kilo 24 na hatsi, kilo 6 na wake, da mai lita biyu da ɗoriya. A kwana 60 ya zama buhu 14 da rabi na hatsi mai kilo ɗari, buhu uku da rabi da 'yan tiyoyi na wake, da jarka biyar da wani abu ta mai mai lita 25. Ku kai waɗannan alƙaluma kasuwarku ku sa musu farashin ranar, ku ɗora kuɗin niƙa, itace, ruwa da ladan masu girki. Tiya ba ɗaya ba ce daga kasuwa zuwa kasuwa. Inda ake lissafa tiya 40 a buhu, kowace tana kusan kilo biyu da rabi, amma ku sayi sikeli ku auna taku kafin ku rubuta komai.

Akwai kuma abin da lissafin takarda ba ya nunawa. Duk inda aka fara ba da abinci, yara na ƙaruwa. Da jihar Kaduna ta fara ciyarwa a farkon 2016, rajistar firamare ta ƙaru da dubban ɗaruruwan yara cikin ɗan lokaci, azuzuwa suka cika maƙil, wasu yaran kuma da sun ci sai su kama hanyar gida. Alheri ne yaro ya shigo makaranta, amma in ba ku yi tanadinsa ba zai karya muku lissafi. Ku ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan adadin da ke rajista yau.

Abin da kuɗinku zai iya: kunu mai nauyi ga ƙananan azuzuwa

A ganina, abin da ya dace da miliyan huɗu da makarantu uku shi ne kunun haɗi, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Ma'auninsa mai sauƙin riƙewa ne: mudu shida na hatsi (gero, dawa ko masara, ko a gauraya su), mudu uku na waken suya, mudu ɗaya na gyaɗa. Ana tsince su, a wanke, a shanya su bushe, a soya kowanne daban a busasshen kasko har ya yi ƙamshi, a ɓarza waken suyan a sheƙe ɓawonsa, sannan a haɗa a niƙa. Suyar waken suya ba ado ba ce. Ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, ga ƙarni, kuma yaran da aka dama wa garin da bai soyu ba za su yi ta kumburin ciki, mako guda su ƙi sha.

Giram 60 na wannan gari da giram 10 na sukari yana ba yaro kalori wajen 280. Bai kai cikakken kwano ba, amma ga yaron da ya fito gida bai sa komai a bakinsa ba, shi ne bambanci tsakanin kwanciya a kan benci da bin karatu har a tashi. Idan kuka ɗauki 'yan aji ɗaya da na biyu na makarantun uku, a ce yara 400, za ku buƙaci gari kilo 24 a rana, kilo 1,440 a zango: hatsi kilo 864, waken suya kilo 432, gyaɗa kilo 144, sai sukari kilo 240. Tsinta da suya da sheƙa suna rage nauyi, don haka ku gwada da tiya goma, ku auna kafin da bayan niƙa, ku ɗora abin da ya ragu a kan sayayyarku.

Dalilin da ya sa na fi son kunu a nan shi ne ana haɗa garin a wuri ɗaya, ƙarƙashin ido ɗaya, a ƙulla wa kowace makaranta nata a aune. Makaranta ba ta buƙatar komai sai babbar tukunya, ruwa mai tsabta, murhu da kofuna. Dafa-duka ko garau-garau a makarantu uku kuwa na nufin kicin uku, sito uku, cefane uku, kuma kowanne ƙofa ce ta yoyo. Sai dai garin yana da maiƙo saboda gyaɗa da waken suya, yana saurin yin ɗaci in ya daɗe. Kada a niƙa fiye da na mako biyu zuwa uku a lokaci guda. A dama shi da kauri, a bar shi ya tafasa sosai. Kunun da aka tsinka da ruwa don ya isa kowa yana cika ciki ne kawai, kuma hanya mafi sauƙi ta gane ana rage gari ita ce a ga kunu yana tsinkewa alhali takarda na nuna an auna daidai.

Ku ba aji gaba ɗaya, kada ku tsinci 'ya'yan talakawa a cikin aji. Yaron da aka kira sunansa gaban 'yan uwansa ya fito ya karɓi kunun marasa hali, gobe zai ƙi zuwa, ko ya zo ya ƙi sha. Kuma duk jerin sunayen da aka rubuta a cikin aji sai an zargi malamin da son kai. Zaɓen aji ɗaya da biyu hujjarsa a fili take: su ne ƙanana, su ne yunwa ta fi kayarwa, su ne kuma ake so su saba da makaranta tun da wuri. A ba su da misalin tara da rabi zuwa goma. Don maganin masu gudu bayan sun sha, a kira suna sau biyu, da safe da kuma dab da tashi, wanda aka rasa a kira na biyu a sanar da iyayensa ta hannun mai unguwa. Kada a hukunta yaro da hana shi kunun gobe.

In kuɗin na zango ɗaya ne kawai, ku zaɓi zango na uku, wanda ke farawa ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ya kai Yuli. A lokacin rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sabo bai nuna ba, kuma a lokacin ne ake janye yara zuwa gona. Zangon farko kuwa yana haɗuwa da kaka, gidaje da dama na da abin dafawa. Ku duba inda azumi zai faɗo a shekarar kafin ku tsayar da ranaku.

Hatsin da ake kaiwa gida

Masu cewa a raba wa iyaye hatsi suna da gaskiyarsu, domin yaron da ke zuwa bai karya ba, ƙannensa ma ba su karya ba, kuma kunun makaranta ba ya aiki ranar Asabar da Lahadi, balle dogon hutun Agusta, wanda shi ne tsakiyar wahala. A Amurka ma wannan giɓin ne ya sa aka ƙirƙiro dabarar sa wa yaro abinci a jakarsa ranar Juma'a don ya ci a ƙarshen mako, abin da ya faro a jihar Arkansas a shekarun 1990. Amma ku ga lissafin. Gida mai mutum bakwai, in kowa zai ci giram 400 na hatsi a yini, yana cin kilo 2.8 kullum. Tiya goma, wato kilo 25, abincin kwana tara ne. Ku ba gida 100 tiya goma-goma na wata uku, buhu 75 sun tafi. Hatsin kunun yara 400 na zango guda kuwa bai kai buhu tara ba, kafin a ƙara na asarar niƙa. Rabon gida yana cinye kaya da sauri, abin da ke isa cikin ɗan makaranta kuma ɗan kaɗan ne.

Don haka a yi shi ƙarami, ga gidajen da suka fi shiga matsi: gidan marayu, gidan da maigida ke kwance ba lafiya, gidan da aka baro ƙauye saboda rashin tsaro. Gida 40, tiya huɗu ta hatsi da tiya ɗaya ta wake a wata, Yuni zuwa Agusta, hatsi buhu 12 ke nan da wake buhu uku. A gindaya sharaɗin yaro ya halarci makaranta aƙalla kwana huɗu cikin biyar muddin ba a shiga hutu ba, a ɗauke sharaɗin in rashin lafiya ce ta hana shi. A miƙa wa uwa ko wadda ke riƙon yaron hannu da hannu, tunda ita ke ɗora tukunya. Zaɓen gidajen kada ya zama aikin mutum ɗaya: malamin aji ya kawo sunaye, matan unguwa biyu masu mutunci su tabbatar, mai unguwa da limami su sa hannu. Kada a karanta sunayen a bainar jama'a, kada kuma a ɗauki hoton mace da ƙullin hatsi a ka a watsa a WhatsApp don masu bayarwa su gani. Yawan gidaje da yawan tiyoyi ya isa rahoto.

A nan ne hatsin manomanku zai fi amfani, musamman in zakka ce. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, kuma malamai da yawa sun shardanta a mallaka wa mabuƙaci ita. Tukunyar da ɗan mai hali da ɗan talaka za su sha daga ciki ba ta cika wannan ba. Ku tambayi kowane manomi tun wajen karɓa: zakka ce ko sadaka? Ku rubuta a littafi daban, ku jera buhunan daban, zakka ta tafi rabon gida, sadaka ta shiga tukunya. Hukuncin dalla-dalla na malaman garinku ne, ku zauna da su kafin kaka. Abin da ya fito daga asusun gama-gari kuwa na kowane ɗan makarantar ne, ba a duba addini, ƙabila ko jam'iyyar ubansa.

Wani zai kawo shawarar a riƙa ba iyaye rancen hatsin su biya da kaka. Ku ƙi. Bankunan hatsi na ƙauyuka da aka yi ta kafawa a Nijar da maƙwabtanta bayan farin shekarun 1970 da 1980, da yawansu bashin da ba a biya ba ne ya durƙusar da su. Mai yunwa in ya ci bashi, ranar biya ma yana cikin buƙata, kwamiti kuma ba zai iya kai ɗan uwansa ƙara ba.

Kuɗi a hannun hedimasta

Ba don ana zarginsa ba, kada a ba shi tsabar kuɗi ya san yadda zai yi. Makarantar gwamnati kullum tana da ramin da ke jiran kuɗi: alli ya ƙare, iska ta yaye kwano, baƙi sun zo daga ofis. Kuɗin kunu zai tafi can da kyakkyawar niyya, da alkawarin za a mayar. Sannan hedimasta ma'aikaci ne, takarda ɗaya za ta mayar da shi wata makaranta a tsakiyar zango, lissafin ya tafi da shi. Kuma kun jefa bawan Allah a bakin mutane.

Yarjejeniyarku ta kasance da kwamitin kula da makaranta, SBMC, wanda hedimasta ke ciki tare da iyaye, mata da wakilan gari. Kafin komai ku kai takarda ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku karɓi amincewa a rubuce, domin makarantar ta gwamnati ce, kuma ranar da yaro ya yi amai bayan shan kunu wannan takardar ce za ta tsaya muku. Kowace makaranta ta rubuto buƙatarta a shafi ɗaya: yara nawa a aji ɗaya da biyu bisa ƙirgen kai, ina za a dama, ina ruwa yake, su wa za su dama, me iyaye za su kawo. Gudunmawar iyaye, ko itace ne ko ɗibar ruwa, tana sa su ɗauki abin nasu ne, amma kada a mayar da ita sharaɗin shan yaro.

Tallafin ya fita kashi-kashi, kuma kaya ne ba kuɗi ba. Duk mako biyu a kai gari da sukari a aune, ba za a saki na gaba ba sai an kawo takardar na baya: kwanan wata, yaran da suka sha, kilon da aka dama, sa hannun mai damawa da na uwa ɗaya daga cikin iyaye. Duba ta ba wuya. Yara 130 sau giram 60 kilo 7.8 ne. In takarda ta ce an dama kilo 10, ko ta nuna yara 130 cif kullum har ranar kasuwa da ranar da aka kwana ana ruwa, to a zaune aka cike ta.

A cikin ƙungiyarku ku raba abu uku ga mutane daban-daban da ba 'yan gida ɗaya ba: masu sa hannu a banki, mai makullin sito, mai littafin lissafi. Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, mutum biyu cikin uku su sa hannu kafin kuɗi ya fita. Wannan na buƙatar rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma banki zai iya neman takardar SCUML, sashen gwamnati mai yaƙi da halatta kuɗin haram. Yana ɗaukar lokaci, amma tara kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa, fitina ce ranar da ya rasu ko aka samu saɓani. Ku ware kashi goma cikin ɗari ku ajiye don abin da ba a zata ba. Ƙarshen kowane wata a manna lissafi a ƙofar makaranta, a tura wa 'yan birni: abin da ya shigo, abin da aka saya da farashinsa, abin da ya rage a sito. Ɗan siyasa in ya kawo gudunmawa a karɓa a rubuta kamar ta kowa, ba hotonsa a buhu, ba sunansa a kofi. Ranar da aka ce kunun jam'iyya kaza ne, rabin masu bayarwa sun janye.

Masu damawa a biya su, ko kaɗan ne, kuma a kan lokaci. Aikin sa kai na mako biyu ne. Matar da ke barin sana'arta kullum da safe ba lada, ko ta gaji ta daina, ko ta biya kanta daga garin. Mace ɗaya ga yara 60 zuwa 70 ya yi, kuma an fi samun kulawa in 'ya'yanta na cikin masu sha.

Saye da ajiya

Ku sayi hatsin da waken suyan da kaka, Nuwamba zuwa Disamba, kai tsaye daga manoman yankinku in zai yiwu, kuɗin ya zauna a gari. Ƙasar Burazil ta mayar da wannan doka a 2009, inda a lokacin ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin abincin makaranta wajen ƙananan manoma. Akwai shekarar da farashi ke faɗuwa bayan kaka, wani zai ce kun yi asara. Ku ba 'yan kasuwa ba ne. Abin da kuka saya shi ne tabbacin cewa kofin Yuli yana nan tun Disamba.

Amma wata biyar zuwa shida na ajiya na iya cinye abin da kuka rage a farashi in aka yi sakaci. Hatsi ya bushe sosai kafin a ɗura. Gwaji mai sauƙi: a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a sake shanyawa. A zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki iska ce ke ƙare musu su mutu, ba a sa magani ko kaɗan. Leda in ta huje aikin ya ɓaci, don haka a duba ta kafin a ɗura, kuma buhun da aka buɗe a gama da shi kafin a taɓa wani. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango kamar taku ɗaya, a rubuta ranar shigowa a jikin kowanne, wanda ya riga shiga shi zai riga fita.

Abu biyu ba sassauci a kansu. Kada a yayyafa wa wake ko hatsi Sniper ko wani maganin feshi. NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, kuma ragowar irin wannan sinadari ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar maganin hayaƙi da ake jefawa a buhu ita ma tana kisa in an yi amfani da ita a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da aji. Na biyu, gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ko tafasa ba sa kashe shi. A tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta sauya launi ko ta fashe, a zubar. Gyaɗar da aka ce ta yi araha sosai, yawanci dalilin arahar ke nan. Gishiri a sayi mai aidin, mai da sukari kuma na cikin mazubi mai lambar NAFDAC, waɗanda doka ta sa a ƙara musu bitamin A.

Ruwa, kofi, da inda aikinku ya tsaya

Zangon da na ce ku zaɓa yana shiga damina, lokacin amai da gudawa. Kunun da ya tafasa ba shi da matsala, matsalar tana wajen kofi, hannu da ruwan wanki. Kowane yaro da kofinsa, a wanke da sabulu a kife a rana, ba a tsoma kofuna 130 a bokiti ɗaya na ruwan da ya yi kauri. A sa buta da sabulu a ƙofar aji, a zuba wa yara su wanke hannu kafin su karɓa. A sha da zafinsa cikin awa biyu da saukewa, abin da ya rage ba a ajiye shi zuwa gobe. Mai damawa in tana gudawa ko tana da gyambo a hannu ta huta a gida, kuma kada a yanke mata lada, in ba haka ba za ta ɓoye. A ranar farko a tambayi iyaye ko akwai yaron da gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, a cire shi daga wannan haɗin.

Ku haɗa kai da asibitin sha-ka-tafi na garinku. Yaron da tsutsar ciki ta cika shi, ba zai samu cikakken amfanin kunun ba, kuma maganin tsargiya da ake rabawa a makarantu ana so a sha shi bayan an ci abinci, don haka ranar rabon magani ta dace da ranar kunu. Kunun nan kuma ba maganin tamowa ba ne. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya rame har haƙarƙarinsa ya fito, ko gashinsa ya yi ja yana zubewa, ko ya daina cin abinci, asibiti za a kai shi a ranar, kuma a tambayi uwarsa halin ƙannensa 'yan ƙasa da shekara biyar da ke gida, domin su abin ya fi yi wa illa. Ku ware ɗan kuɗin mota a asusun don irin wannan, ku damƙa shi ga ɗaya daga cikin matan kwamiti, ta riƙa rubuta ranar da aka kai yaro da abin da asibiti ya ce.